Bakwai Ɗin da Tela Ya Mayar Tara

Akwai wani tela da duk unguwa ta sani da suna Gobe. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, masu kawo ɗinki ne, domin duk wanda ya leƙa shagonsa neman kayansa, kafin ya gama sallama zai ji, "Gobe in Allah ya kai mu." Hannu kam Allah ya ba shi. In ya ɗinka maka riga sai ka rantse da ita aka haife ka. Amma wajen cika lokaci, sai dai a yi shiru. Da latti kawai yake yi, da da sauƙi, masu latti sun cika duniya. Cutar Gobe ita ce ya yi imani har zuciyarsa cewa kowa ma haka yake. A wurinsa babu mahaluƙin da ke faɗin lokaci yana nufinsa. Wanda ya ce ƙarfe goma, sha biyu yake nufi, kamar yadda shi ma in ya ce Talata, Talatar wani watan yake nufi.

Matarsa, wadda yake kira Maman 'Yan Biyu, ita ta ƙara wa wutar fetur ba da saninta ba. Da ta gaji da shan kunya, sai ta fara rage masa awa ɗaya. In biki ƙarfe huɗu ne, ta ce uku. Dabarar ta yi aiki wata shida, har ranar da Gobe ya isa wani taro yana shirin ba da haƙuri, ya tarar ana jera kujeru. Daga nan ya gane. Duk abin da ta faɗa sai ya ƙara awa ɗaya. Ita kuma ta koma rage biyu. Shi ma ya koma ƙara biyu. Agogon bangon falo ta tura shi gaba da minti arba'in, shi kuwa yana kallonsa yana cirewa a ka. Gida ya koma kamar kasuwar dabbobi, miji da mata suna ciniki a kan lokaci, kowa na ɓoye farashinsa na gaskiya.

Mutum ɗaya ne latti ya ɓata tsakaninsa da Gobe har abin ya dame shi, wato surukinsa. Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne, shekara talatin da ɗaya yana aiki da agogo. Rigar da Gobe ya yi alkawarin ɗinka masa ta ranar ɗaurin auren 'yarsa, sai da 'yan biyu suka fara rarrafe ta iso. Baba ya karɓa, ya yi godiya. Amma tun daga ranar ko allura bai sake aiken Gobe ya sayo masa ba. Shekara goma sha ɗaya. In yana da buƙata zai gaya wa 'yarsa, zai gaya wa maƙwabci, zai gaya wa mai wucewa, ga surukinsa zaune da mota a ƙofar gida. Abin nan yana ci wa Gobe rai fiye da zagin kwastomomi ɗari. Babu abin da yake so a duniya kamar tsohon nan ya dube shi rana ɗaya ya ce, "Ga wani abu, yi mini."

Wata Lahadi da yamma Baba ya zo gidan, yana zaune a falo, jikokinsa mata biyu sun sa shi a tsakiya. Yanar ido ta fara rufe masa gani, har sai ya kawo fuskar yarinya kusa kafin ya san wacce ce a cikinsu. Hira ta kai ga namun daji.

"Sau ɗaya na taɓa ganin giwa," in ji Baba. "Ina kan jirgi, ga ta can gefen wani rafi. Kafin in ce wa mataimakina duba, mun wuce. Jirgi ba ya tsayawa don giwa. Tun lokacin nake so in ga abar nan tana tsaye ni ma ina tsaye. Ga shi idon yana ta sallama."

Gobe ya ji dama ta faɗo masa daga sama. Ya gyara zama ya ce, "Baba, ni zan kai ka gandun daji."

'Yan biyu suka dubi juna suka toshe baki.

Baba ya juyo a hankali ya ce, "Madalla. Wace shekara?"

"Wannan watan, Baba. Ka sa ido ka gani."

"Idon ne dai babu yawa," in ji Baba. "Amma na sa."

Washegari Maman 'Yan Biyu ta buga waya ofishin gandun dajin, ta rubuta komai a bayan wata tsohuwar takarda. Da Gobe ya dawo cin abincin rana ta zaunar da shi.

"Maigida, buɗe kunnenka. In muka sayi tikiti tun yanzu, da rangwame, yara kuma rabin kuɗi. In mutum ya bari sai a bakin ƙofa, kusan ninki biyu ne, ga kuɗin shigar da mota daban. Ba a yawo da motar gida a ciki, akwai tasu buɗaɗɗiya mai ɗan jagora, sau ɗaya take fita a rana. Yanzu ƙarshen rani ne, ruwa ya janye, duk dabbobi na taruwa a tafki ɗaya da sassafe. Rana na ɗagawa su shige kurmi, ko wutsiya ba ka gani. Asabar ɗin nan kuma ita ce ta ƙarshe, daga ita sun rufe sai bayan damina."

"To, ƙarfe nawa motar ke tashi?"

Ta ajiye takardar, ta dube shi ido cikin ido. "Bakwai. Ka ji ni da kyau, yau ban rage maka ko minti ɗaya ba. Na san na sha yi maka, amma wannan maganar mahaifina ce. Wallahi bakwai."

Gobe ya yi murmushi. A ransa ya ce, kai, matar nan ta ƙware, yanzu har da rantsuwa. Ya fara lissafi. In ta ce bakwai ba rantsuwa, tara ne. Da rantsuwa kuwa, to tana jin tsoro ne, ita ce alamar ta rage da yawa. Amma saboda darajar Baba, bari a bar shi a tara.

"Na ji," ya ce.

"Ba ka ji ba. Na san wannan murmushin."

Ranar Laraba ta je ta sayo tikiti biyar, ta shimfiɗa su a gabansa. "Karanta. Ba rubutuna ba ne, inji ne ya buga."

Ya ɗaga ɗaya ya duba. Ga bakwai nan baƙi ƙirin. Ya ce, "Maman 'Yan Biyu, ni za ki nuna wa takarda? Ni ma fa ina rubuta rana a rasit. Har da hatimi nake bugawa."

"Su ba teloli ba ne!"

"Mutane ne dai. Direban motar nan yana da mata, yana da yara, zai sha shayi, zai nemi takalminsa. Ita giwar ma agogo take ɗaurawa?"

Ta fizge tikitin ta zuba a jakarta. Ya ce ta ba shi ya ajiye, shi ne maigida. Ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta bayar ba. Ranar Alhamis Baba da kansa ya tare shi a ƙofar gida ya ce, "Na ji an ce bakwai." Gobe ya durƙusa ya ce, "Haka ne, Baba." Yana miƙewa ya girgiza kai, yana mamakin yadda matar nan ta ja har dattijo mai furfura cikin shirinta.

Shi fa Gobe ba mugu ba ne. So yake tafiyar ta yi armashi. Ya sayo yadin kaki, ya auna kowa, ya ce zai ɗinka musu rigunan shiga daji iri ɗaya, kowace da aljihu shida. Matarsa ta ce babu wanda ya roƙe shi aljihu, me Baba zai zuba a aljihu shida? Ya ce ba ta san ado ba. Ya yanka ranar Alhamis, ya haɗa ranar Juma'a, da magariba ta yi saura hannuwa uku, aljihu goma sha ɗaya da maɓallai gaba ɗaya.

"Tafiyar awa ɗaya da kwata ce," in ji matarsa. "Biyar da rabi muna cikin mota. Ka bar rigunan nan."

"Aikin minti goma ne."

Asabar da asuba, ana idar da salla, ya sulale ya tayar da mota ya nufi shago. Ya kunna fitila, ya hau keken ɗinki. Wayarsa kuwa, kamar kullum, ya kashe mata murya ya tura cikin aljihun tebur ƙarƙashin ƙyallaye, don tela mai ɗaukar waya da safe bai san ciwon kansa ba. Ya yi ɗinki cikin natsuwa, yana 'yar waƙa. Aljihun rigar Baba ɗaya ya ɗan karkace, ya farke ya sake, don ba ya son aikin ha'inci. Ya ɗora maɓallai, ya sa dutsen guga ya fitar da kari, ya ninke su biyar ya sa a leda. Ƙarfe bakwai da kwata ya jawo waya. Kira goma sha huɗu. Ya yi dariya ya ce, "Wasan kwaikwayon ya yi kyau."

Da ya isa gida ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Matar maƙwabcinsa Mai Tasi ta leƙo ta taga.

"Baban 'Yan Biyu, ai sun tafi tun da duhu-duhu. Maigidana yana wanke mota matarka ta fito tana kuka, shi ne ya kwashe su."

"Kuka kuma? To Allah ya ba su haƙurin zama. Awa biyu za su yi a bakin ƙofa suna korar ƙuda."

Ya ɗauki hanya hankali kwance. Har ya tsaya ya sha mai, ya yi musu da mai zubawa a kan ko lita ta cika. Tara saura kwata ya hango babbar ƙofar gandun dajin. Ya dubi agogo, ƙirjinsa ya cika da alfahari. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa isa wani wuri da saura kwata da saninsa ba. Ya ga tasin maƙwabcinsa a ajiye ƙarƙashin bishiya, ba kowa ciki. Ya rungumi ledar riguna ya nufi tagar da wata mata mai kayan sarki ke sayar da tikiti.

"Ranki ya daɗe, ina masu jiran motar tara suke zama?"

"Wace motar tara?"

"Ta zagaya daji. Wadda kuke rubuta wa bakwai."

Matar ta sauke tabarau ta dube shi. "Malam, wadda muke rubuta wa bakwai, bakwai take tashi."

Gobe ya jingina da taga, ya rage murya kamar mai sirri da abokin sana'a. "Haba, Hajiya, ni ma ɗan kasuwa ne. Na san bakwai ta takarda. Ta gaskiyar nake tambaya."

"Yau ma da minti biyu ta wuce, don wani tsoho da aka taimaka ya hau. Shi kansa sai da ya ciro agogo ya nuna wa direba."

Nan Gobe ya saki taga ya miƙe tsaye. Tsoho mai nuna wa direba agogo, guda ɗaya ne a duniya.

"To ai da tikitina a ciki. Biyar muka saya."

Ta duba littafinta. "Biyar suka shiga. Tsoho, mace, yara biyu, da wani mai shuɗiyar hula."

"Wannan direban tasi ne! Kujerata ce!"

"Kujera ta wanda ya zauna ce."

"To a kira motar ta dawo."

"A ce wa mutum ashirin su juyo saboda kai wa?"

"To ta yamma fa?"

"Babu."

"To gobe."

"Gobe muna rufe. Sai bayan damina." Ta ƙare masa kallo, ta dubi tef ɗin awo da ya manta a wuyansa. "Kai tela ne ko?"

Ya ce eh, yana zaton ko za a samu sassauci.

"Allah ya kawo ka. Wata biyu ke nan wani ɗan'uwanka ya riƙe mini yadi. Kuɗin shiga na bakin ƙofa ga shi a allo, ga na mota a ƙasansa. In za ka jira su, rumfar jira tana ciki. Nan waje ba a tsayawa."

Gobe ya taya rabi. Ta nuna masa allo. Ya ce ai shi ba abin da zai kalla, zama kawai zai yi. Ta ce zaman ma a cikin gandun daji yake. Ya ce a yi masa kuɗin yara tunda rabin yini ya wuce. Ta jawo marfin taga za ta rufe. Haka ya zaro kuɗi, ninki biyun nan da matarsa ta gargaɗe shi a kai, ya ƙara na mota, ya shiga ya zauna kan benci a rumfar kwano, taku ashirin daga ƙofa.

Awa ɗaya da rabi ya yi a wurin. Rana ta ɗaga, kwano ya ɗauki zafi. Duk faɗin gandun dajin nan, abin da ya zo gaishe shi kunkuru ne guda ɗaya, wanda ya fito daga ciyawa ya nufi inuwar bencin. Gobe ya zuba masa ido tun daga nesa har ya iso, don babu wani abin kallo.

Goma da rabi ya ji ƙugin mota. Ta tsaya, mutane suka fara sauka suna surutu kamar an tashi daga kasuwa. 'Yan biyu suka hango shi suka sheƙo da gudu.

"Abba! Giwa goma sha ɗaya! Har da jaririya!"

"Ɗaya ta zo dab da mota, ta yi atishawa ta jiƙa Mai Tasi!"

Maman 'Yan Biyu ta sauko, ta dube shi, ta dubi ledar, ta wuce ta zauna can ƙarshen benci. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Na ƙarshen sauka Baba ne, Mai Tasi na riƙe da hannunsa. Gobe bai taɓa ganin fuskar tsohon nan haka ba. Kamar an cire masa shekara ashirin. Yana tafe yana magana shi kaɗai.

"Ta tsaya. Ni ma na tsaya. Har gashin idonta na gani, da wannan idon nawa. Ashe haka take da gashin ido kamar amarya."

Gobe ya durƙusa. "Sannu da dawowa, Baba."

Baba ya matso da fuska ya gane shi. "A'a! Kai ma yawon buɗe ido ka zo? Nawa suka karɓa a wurinka?"

Gobe ya faɗa da ƙaramar murya.

"Kai! To me ka gani?"

"Kunkuru, Baba."

"Madalla. Ai ziyarar dangi ba ta tsada."

Mai Tasi ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Gobe ya yi sauri ya buɗe leda ya fito da rigar Baba, ya miƙa da hannu biyu. Baba ya shafa ta, ya bi ɗinkin da yatsa, ya lalubi aljihunan ɗaya bayan ɗaya.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Kullum aikinka yana kyau." Ya ninke ta ya sa a hammata. Sai ya juya wajen Mai Tasi. "Yaro, ranar Alhamis likitan ido ya ce in je ƙarfe takwas, za su duba ko aiki zai yiwu. In ba ka da wani uzuri, ka zo ka kai ni."

Maganar da Gobe ya shekara goma sha ɗaya yana jira ke nan, ga ta ta fito, ta wuce ta gefen kunnensa ta sauka kan mai shuɗiyar hula. Ya miƙe zumbur.

"Baba, ga ni, ga mota. Ni zan kai ka. Wallahi zan kai ka."

Baba ya dafa kafaɗarsa, babu fushi ko kaɗan a muryarsa.

"Na sani, za ka kai ni. Amma ni Alhamis ɗin nan nake nufi."

Ya kama hannun Mai Tasi suka nufi inda aka ajiye motoci.

To, mai karatu, darasin a fili yake. Wanda ya saba faɗin lokacin da ba ya nufi, ba mutane kaɗai yake cuta ba, kunnensa yake kashewa, har ranar da za a gaya masa gaskiya da rantsuwa ya ɗauka ciniki ne. Kada ka auna duniya da mudun halinka, don akwai wuraren da bakwai bakwai ce, farashin allo shi ne farashi, kuma babu gobe. In za ka yi tafiya, ka tambayi lokaci da kuɗin shiga tun da wuri, abin da aka gaya maka kuma ka yarda da shi, ka bar ado ka kama hanya. Kuɗin da ka yi asara a bakin ƙofa za ka sake samu. Amma yardar mutum, in ta tashi ta bar ka, ba ta da motar yamma.